Korona ta Raƙuma da Aikin Hajji: Raddi ga Masu Kiran Binciken Likitoci Makirci



Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya saukar da cuta, Ya saukar da magani, Ya kuma sanya wa kowane abu sababinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku iyayenmu da malamanmu da ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure, musamman jama'ar masallatan Kore Mairuwa, Tibiri, Dogon Dutsi da sauran garuruwan Arewa.

Duk shekara idan watannin Hajji suka gabato, ma'aikatar lafiya ta Saudiyya da Hukumar Lafiya ta Duniya sukan maimaita wa maniyyata gargaɗi iri ɗaya: kada su kusanci raƙuma a can, kada su sha ɗanyen nononsu ko fitsarinsu, kada su ci naman raƙumin da bai dahu ba. Duk shekara kuma sai a sami masu ɗaukar waya su naɗi murya su watsa, suna cewa wai Turawa ne suka ƙirƙiro wata korona domin su raba Musulmi da sunna, kuma duk wanda ya bi gargaɗin tawakkalinsa ya yi rauni. Saƙon yakan isa kunnen tsohon da ya sayar da shanunsa ya biya kujera, mai fama da ciwon sukari, sai ya ƙudurta cewa shan nonon taguwa a gefen hanya wani yanki ne na ziyara. Domin wannan tsohon muka yi wannan rubutu. Muna cewa a fili: masu wannan magana sun jahilci cutar, sun kuma jahilci fiƙihun da suke fakewa da shi. Binciken irin wannan cuta farilla ce ta kifaya a kan al'umma, kuma aiki da abin da ya tabbata daga cikinsa wajibi ne a kan duk wanda labarin ya isa gare shi.

*Mece ce wannan cuta?*

Korona sunan dangi ne na ƙwayoyin cuta masu yawa. Wadda ta rufe duniya a 2020 ɗaya ce daga cikinsu. Wadda muke magana a kai ta girme ta da shekaru, ana kiranta MERS, wato cutar numfashi ta Gabas ta Tsakiya.

A watan Yuni na 2012 aka kwantar da wani dattijo ɗan shekara 60, mutumin garin Bisha, a wani asibiti a Jidda. Huhunsa ya kamu, ƙodarsa ta gaza, ya rasu cikin ƴan kwanaki. Likitan da ke kula da ɗakin gwaje-gwajen asibitin, Dokta Ali Muhammad Zaki ɗan ƙasar Masar, ya gwada majinar mamacin da cututtukan numfashin da aka sani, bai sami ko ɗaya ba. Bai ce ajali ne ya rufe littafi ba. Ya ci gaba da bin diddigi har ya tsamo wata ƙwayar korona da ba a taɓa gani ba, abokan aikinsa na birnin Rotadam a ƙasar Holan suka tabbatar, ya sanar da duniya a watan Satumba na shekarar.

Daga lokacin zuwa yau an tabbatar da kamuwar mutum sama da 2,600 a ƙasashe 27, mafi yawansu a Saudiyya, kuma sama da 900 daga cikinsu sun rasu. Ku yi lissafi da kanku: cikin kowane mutum uku da gwaji ya tabbatar da cutar a jikinsu, kusan ɗaya ba ya tashi. Tana farawa da zazzaɓi da tari, sai sarƙewar numfashi, wani lokaci da gudawa. Tana ɗaukar kwana 2 zuwa 14 kafin ta bayyana. Ta fi kayar da tsofaffi da masu ciwon sukari da masu ciwon ƙoda ko na huhu. Har yau babu allurar rigakafinta da aka amince a yi wa jama'a, babu kuma maganin da aka keɓe mata.

Masu bincike sun bi sawunta har garken raƙuma. A 2013 aka gwada jinin raƙuma 50 a ƙasar Oman, aka sami alamarta a jikinsu duka. A ƙarshen wannan shekarar wani mutumin Jidda mai raƙuma tara ya ga wasu daga cikinsu na zubar da majina, ya shafa wa ɗaya magani a hanci da hannunsa. Bayan kamar mako guda ya kwanta, daga bisani ya rasu. Da aka gwama ƙwayar da aka samu a jikinsa da wadda aka samu a hancin raƙuminsa, sai aka tarar ɗaya ce. An kuma gano abin da ya sa raƙumi ke ɗauke da ita yana kiwonsa lafiya lau alhali tana kashe mutum: kafar da take bi ta shiga jiki, a wajen raƙumi a hanci take, sai ta tsaya a mura, a wajen ɗan Adam kuwa can cikin huhu take.

Wannan shi ne abin da aka sani. Sai mu zo ga shubuhohin ɗaya bayan ɗaya.

*Shubuha ta farko: wai makircin Turawa ne*

Wanda ya gano cutar Balarabe ne ɗan Masar, a asibitin Jidda, nisan tafiyar awa guda daga Ka'aba. Ƙasar da ta fi kowa binne gawawwakinta ita ce mai hidimar Harami biyu, ita ce kuma ta hana yanka raƙuma a matsayin hadaya a Hajjin 2015. Su wane ne Turawan a nan?

Ba mu musun cewa zargin mutane yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani bincike da ya haɗa yara kusan 200, yara 11 suka mutu, shari'a ta ɗauki shekaru har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. To amma ku dubi abin da tsallen ya haifar. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin arewacin Nijeriya saboda jita-jita, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, har da Nijar, har ta kai Yaman da Indonesiya. Yaran da suka gurgunce ƴaƴan Musulmi ne, masu yaɗa jita-jitar kuwa babu wanda ya saya musu ko sandar dogarawa.

Sa'annan ku lura da wani abu. A maganar MERS ba a kawo muku wata allura ba, ba a ce ku sayi wata ƙwaya ba. Abin da aka ce shi ne ku tafasa nono, ku dafa nama, ku wanke hannu. Wane kamfani ne zai ci riba da tukunyar da kuka ɗora a kan murhunku? Riba tana ga mai sayar da fitsari cikin kwalba, kuma sau da yawa shi ne mai ɗaga murya.

*Shubuha ta biyu: wai mun ga korona a 2020, ƙarya ce*

Dukanmu muna tune da ita. Ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Nijar, aka rufe masallatai, aka yi tarzoma a Mirya da wasu unguwannin Yamai, ba a buɗe wuraren ibada ba sai 13 ga Mayu. Mutane suna ganin kasuwa cike da jama'a, masallaci kuwa da kwaɗo, abin ya yi musu ciwo, kuma ciwon na da dalili. Allah Ya sauƙaƙa wa ƙasarmu, mace-macen da aka ƙidaya ba su kai na wasu ƙasashe ba. Sai dai sauƙi daban, ƙarya daban. Ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar da ita ya rasu a watan Mayun shekarar, kuma Hajjin 2020 ƴan tsirarun mazauna Saudiyya kaɗai suka yi shi, ba maniyyaci ko ɗaya da ya tashi daga Yamai.

Kuma MERS ba ita ce waccan ba. Ba ta kai ta saurin yaɗuwa ba, amma ta fi ta kisa nesa ba kusa ba. Inda ta fi yin ɓarna shi ne cikin asibiti da tsakanin masu jinya. A 2015 mutum ɗaya tak ya koma Koriya ta Kudu daga ƙasashen Larabawa, ya yi ta yawo daga wannan asibiti zuwa wancan ba a gane abin da ke damunsa ba. Kafin a shawo kan lamarin mutum 186 sun kamu, 38 sun mutu, an killace sama da 16,000. Wannan a ƙasar da ke da manyan asibitoci ke nan. Ku auna abin da zai faru in irin wannan matafiyi ya sauka a ɗakin shan magani na ƙauye, inda ma'aikaci ɗaya ke duba mai haihuwa da mai zazzaɓi, ƴan dubiya kuma sun cika ɗaki.

*Shubuha ta uku: wai hadisi ya kore yaɗuwar cuta*

Hadisin ingantacce ne, ba mai musunsa. Amma wanda ya karanta shi kaɗai ya rufe littafi ya ha'inci ilimi. Buhari da Muslim da suka ruwaito shi, su ne suka ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gangaro da su mashaya tare da masu lafiya. Ku lura, raƙuma ne ma aka ambata. Muslim ya ruwaito cewa a tawagar Banu Saƙif akwai kuturu, Annabi ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. Malamai irin su Ibnus Salah da Nawawi sun haɗa ruwayoyin da cewa abin da aka kore shi ne aƙidar jahiliyya, wadda ke ganin cuta na tsallakawa da ikon kanta. Amma Allah Ya sanya cuɗanya ta zama sababi, kamar yadda Ya sanya wuta sababin ƙuna. Babu mai tawakkalin da ke tura hannunsa cikin garwashi.

Sahabbai haka suka fahimta. Lokacin annobar Sham, Sayyidina Umar ya isa wani wuri mai suna Sarg, ya ji labari, ya yi shawara, ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya nuna masa kamar gudun ƙaddara ne, sai ya buga masa misali da makiyayin raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya zaɓa, cikin ƙaddarar Allah yake. Daga nan Abdurrahman bin Auf ya zo da hadisin da ya hana shiga garin annoba da fita daga cikinsa. Annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan Hijira ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal, kuma malaman tarihi sun ambata cewa ta lafa ne bayan Amru bin As ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu.

A Muwaɗɗar Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, akwai labarin kuturuwar da Sayyidina Umar ya gani tana ɗawafi, ya nemi ta zauna a gidanta don kada ta cutar da mutane. Ta zauna. Bayan rasuwarsa aka ce mata ta fito, ta ƙi, domin ba ta yarda ta yi masa biyayya yana raye ta saɓa masa yana kabari ba. Ɗawafi ne fa, a Ɗakin Allah. Hafizi Ibnu Hajar kuma ya ba da labarin annobar Alƙahira ta shekara ta 833 bayan Hijira: masu mutuwa a rana ba su kai arba'in ba, sai aka fita fili aka taru don addu'a, kafin wata ya ƙare suka haura dubu a rana. Shin waɗannan duka tawakkalinsu bai kai na mai naɗar murya a waya ba?

*Shubuha ta huɗu: wai nonon raƙumi da fitsarinsa sunna ne*

Ƙissar mutanen Uraina tabbatacciya ce. Sun zo Madina, iskar garin ba ta karɓe su ba, suka yi rashin lafiya, Annabi ya tura su wajen raƙuman sadaka su sha nono da fitsari, suka warke. Mun yi imani da ita. Amma magani ne da aka ba wasu mutane sanannu, a kan wata cuta sananniya, daga raƙuma sanannu. Ba a ruwaito cewa an mayar da shi ibadar da kowane lafiyayye zai yi ba, babu kuma littafin fiƙihun da ya lissafa shi cikin rukunan Hajji ko wajibansa ko mustahabbansa. Alhajin da ya je ya dawo bai ko ga raƙumi ba, Hajjinsa bai ragu da ƙwayar gero ba.

Malaman mazhabobi ma sun yi saɓani a kan fitsarin dabbar da ake cin namanta. Malik da Ahmad sun ce mai tsarki ne, Abu Hanifa da Shafi'i sun ce najasa ne. Mu nan Malikawa ne, mun riƙi tsarkinsa. To amma tsarki hukunci ne na sallah, yana nufin in ya taɓa tufarka ba sai ka wanke ba. Bai zama shaidar cewa babu cuta a ciki ba. Guba ma tana iya zama mai tsarki, shanta kuwa haramun ne. Hatta a mazhabarmu, dabbar da ke cin ƙazanta fitsarinta ya fita daga wancan tsarki. Ashe ke nan halin da dabba ke ciki yana canja hukuncin abin da ke fita daga jikinta. Raƙumin da Annabi ya hana a gangaro da shi mashaya saboda cuta, shi ne za a ce shan abin da ke jikinsa lada ne?

Ga abin da ya riga ya faru. A watan Maris na 2014 wani ɗan ƙasar Maleshiya mai shekara 54, mai ciwon sukari, ya je Umara. Cikin ziyara aka kai su garken raƙuma, ya sha nono. Ya koma gida, bayan ƴan kwanaki zazzaɓi da tari suka kama shi, ya rasu ranar 13 ga Afrilu, gwaji ya nuna MERS. Bincike ya nuna ƙwayar na iya daɗewa da ranta cikin ɗanyen nono, kuma zafin wuta na kashe ta. Ɗanyen nono na ɗauke da wata cutar ma, wadda makiyaya ke kira bakkale, mai sa dabba ɓari, mai sa mutum zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa. Ba wanda ya haramta muku nonon taguwa. Halal ne, abinci ne mai albarka. Ku tafasa shi kawai.

*Shubuha ta biyar: wai kakanninmu sun sha, ba abin da ya same su*

Wannan ita ce mafi ƙarfi cikin shubuhohin, kuma amsarta na kusa da mu, a mayankar Kano, inda ake kai raƙuma da yawa daga Nijar da Chadi.

A watan Janairu na 2015 masu bincike daga Nijeriya da Hon Kon suka ɗebi majina da jinin raƙuman da ake yankawa a can. Cikin 132 da aka gwada hancinsu, 14 na ɗauke da ƙwayar a lokacin. Cikin 131 da aka gwada jininsu, 126 sun taɓa kamuwa. Wato kusan duk raƙumin da ya girma a yankinmu ya taɓa haɗuwa da ita. Ba kuma baƙuwa ba ce, domin jinin raƙuman Sudan da Somaliya da aka adana tun 1983 ya nuna alamarta.

Sai aka juya ga mutane. A 2016 aka gwada jinin ma'aikatan mayankar 261, ba a sami alamar kamuwa ga ko ɗaya ba. Da masu binciken ƴan farfaganda ne, da sun ɓoye wannan sakamako. Sun buga shi kowa ya gani. Daga baya suka koma da wani gwajin da ya fi zurfi, mai duba ƙwayoyin jinin da ke tsaron jiki, waɗanda ke riƙe tarihin abokin gabar da suka taɓa yaƙa. Cikin ma'aikata 61 masu aiki da raƙuma, 18 jikinsu ya nuna ya taɓa karo da cutar. Cikin waɗanda ba su taɓa raƙuma kuwa ba a sami ko ɗaya ba. An kuma gano cewa irin da ke jikin raƙuman Afirka ya bambanta da na ƙasar Larabawa, kuma a ɗakin gwaji bai kai shi ƙarfin hayayyafa a huhun mutum ba.

Abu biyu ne suka fito daga nan. Na farko, Allah Ya yi mana sauƙi, irin da ke wajenmu ya fi rauni, don haka babu dalilin tsangwamar Buzaye da sauran makiyayan da ke ratsa Dallol Mawri da raƙumansu, ko ƙaurace wa mahauta. Na biyu, ƙwayar tana tsallakowa jikin mutane a nan ma, a ɓoye, kuma ƙwayoyin cuta suna sauya kama. Mai cewa ya sha nonon taguwa a Abalak ko Tawa bai ga komai ba, don haka zai sha a hanyar Ɗa'ifa, ya yi ƙiyasi tsakanin abubuwa biyu da bincike ya nuna ba ɗaya ba ne. Game da kakanni kuwa, wa ya gwada su? Mutum nawa aka binne a garuruwanmu da sunan ciwon haƙarƙari ko sanyi ko iska, ba wanda ya san ainihin abin da ya kashe su?

*Bincike farilla ce ta kifaya*

Mu mutanen jihar Doso bai kamata a yi mana dogon bayani a kan amfanin ɗakin gwaji ba. Daga 2010 aka soma yi wa jama'a rigakafin sanƙarau nau'in A, cutar ta ja baya. A 2015 sai ga ta ta dawo, ta kama sama da mutum 8,000 a ƙasar, ta kashe sama da 500, kuma Doso da Yamai ne suka fi jin jiki. Wuya na sanƙarewa kamar kullum, ido ba ya rarrabewa. Gwajin da aka yi a cibiyar CERMES ta Yamai shi ya nuna cewa nau'in C ne, wanda allurar farko ba ta tare shi, aka san wadda za a nema. Haka nan allurar sanƙarau da ake wajabta wa kowane maniyyaci a yau an faɗaɗa ta ne bayan wani nau'in ya ɓarke a Hajjin 2000 da 2001, ya bi alhazai zuwa ƙasashensu.

Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, ya kuma yi kuka da garuruwan da suka cika da masu gardamar fiƙihu alhali babu likita Musulmi ko ɗaya. Lisanuddin Ibnul Khaɗib na Andalus, bayan babbar annobar ƙarni na 14, ya kafa hujja da abin da ido ya gani cewa cuta na bin cuɗanya da tufafi da matafiya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki ya wallafa risaloli a kan magani, har da na basur da na ciwon ido. Wannan ne gadonmu.

In muna tsoron kada baƙi su cuce mu da sunan bincike, maganinsa shi ne mu sami namu masu binciken. Nijar na da raƙuma sama da miliyan ɗaya da rabi. Ya kamata ƴaƴanmu su ne ke ɗibar jininsu suna dubawa a Jami'ar Abdou Moumouni. Uban da ya cire yaro mai hazaƙa daga makaranta, sa'annan ya zauna yana zagin likitan da ya zo daga Hon Kon, shi ya bar farillar, wani ya ɗauka.

*Abin da ya wajaba a kan kowa*

Ga maniyyata: kada ku je garken raƙuma a Saudiyya, ko da direba ya tsaya ya ce kyauta ne. Kada ku sha ɗanyen nono ko fitsari, kada ku sayo su tsaraba. Ku yawaita wanke hannu da sabulu, ku rufe baki da hanci cikin cunkoso. Mai ciwon sukari ko ƙoda ko huhu ya ga likita tun kafin tashi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga malaman bita da jagororin kamfanonin Hajji: alhazai amana ce a hannunku. Wanda ya tsayar da motar tsofaffi a garken raƙuma bayan ya ji wannan gargaɗi, ya shirya amsar da zai bayar gaban Allah. Ku sanya wannan bayani cikin bita kamar yadda kuke koyar da ihrami da jifa.

Ga alhazan da suka dawo: in zazzaɓi da tari ko sarƙewar numfashi suka kama ka cikin kwana 14 da saukarka, ka je asibiti, kuma kalmar farko da za ka faɗa wa ma'aikacin lafiya ita ce daga Saudiyya kake. Kada ka ce gajiyar Mina ce ka zauna ana ta shigowa ana rungumarka. Ka yi sallarka a gida har ka warke. Shari'ar da ta nisanta mai warin ɗanyar tafarnuwa daga sahu, wadda Ibnu Abdil Barri ya ce hukuncinta ya haɗa duk mai cutar da maƙwabtansa a masallaci, ba za ta tilasta wa mai tarin da ake zargi ya shiga sahu ba. Rashin lafiya uzuri ne na barin Juma'a a cikin Mukhtasar na Shehu Khalil.

Ga mahauta da dillalai da masu raƙuman dako: raƙumi mai majina, musamman ƙarami, a ware shi, kada a sa hannu a hancinsa a shafi fuska. A wanke hannu, a canja tufar aiki kafin a shiga cikin iyali. In ma'aikatan kiwo suka zo ɗibar jinin dabbobi, a tambaye su takardarsu da manufarsu, sa'annan a ba su haɗin kai.

Ga masu tura saƙo: kafin yatsarka ta taɓa waya, ka tambayi kanka wa ya faɗa, a ina ya karanta, wa zai cutu in ƙarya ce. Annabi ya yi gargaɗi a kan mutum ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji, ya kuma ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani ba da sani ba. Mai ba da fatawar shan abin da masana suka ce a guje shi, likitanci yake yi babu ilimi, ko da ya naɗa rawani.

Ga limamai: ku ware wa wannan magana ko da minti biyar ne a huɗubar da ta gabaci tashin alhazai. Har yau Allah Ya tsare taron Hajji daga ɓarkewar wannan cuta, kuma kiyaye sabubba na cikin tsarewar.

Duk mai hujjar da ta saɓa wa abin da muka kawo, daga littafi ko daga bincike, ya zo da ita da sunan littafin da shafinsa, za a karanta a gaban jama'a. Wanda ba shi da ita kuwa, ya ji tsoron Allah game da rayukan tsofaffinmu, ya kame bakinsa.

A tura wannan ga duk maniyyacin da aka sani, a karanta wa wanda ba ya karatun boko. Allah Ya kai alhazanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, Ya karɓi ibadarsu. Allah Ya tsare ƙasarmu da dabbobinmu daga annoba, Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.